Cututtukan fungas na gero, dawa da gora

Cututtukan fungas na gero, dawa da gora rukuni ne na cututtukan tsirrai waɗanda wasu ƙananan halittu da ake kira fungas ke haddasawa a ganye, kara da zangarniyar tsirran dangin ciyawa. Gero, dawa, masara, shinkafa, alkama, rake, gamba da gora duk 'yan dangi ɗaya ne a ilimin tsirrai, wato dangin Poaceae, wanda ke da nau'o'i kusan 12,000 a duniya. Saboda wannan kusanci, jinsin fungas da ke kama ɗaya daga cikinsu yakan kasance yana da ɗan uwa da ke kama sauran. Tsatsa, burtuntuna da tabon ganye duk ana samun su a gero, ana samun su a dawa, ana kuma samun su a gora, ko da yake nau'in da ke kama kowanne daban ne.

A arewacin Jihar Jigawa, a ƙananan hukumomin Gagarawa, Gumel, Maigatari da Sule Tankarkar waɗanda su ne ƙasar Masarautar Gumel, gero da dawa su ne abincin yau da kullum, karansu kuma shi ne abincin dabbobi da kayan danga da rufin ɗaki. Don haka cutar da ta kama ganye ko zangarniya tana taɓa rumbu, garke da irin shukar baɗi a lokaci guda. Gora ba ta cikin tsirran da ake nomawa a yankin, amma ana kawo sandunanta daga kudu ana sayarwa a kasuwanni, kuma ita ce ɗaya daga cikin tsirran dangin ciyawa da aka fi nazarin fungas ɗinsu a duniya.

Sunaye a Hausa

Hausa ba ta da kalma ɗaya da ta tattara dukkan fungas. Akwai naman kaza da naman gwari, waɗanda ake faɗa wa masu fitowa kamar laima a kan suri ko ruɓaɓɓen itace da damina. Akwai funfuna, wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu ko hatsin da ya jiƙe. A rubuce-rubucen zamani wasu na faɗaɗa ma'anar naman gwari ta ƙunshi rukunin baki ɗaya, wasu kuma na aro kalmar fungas.

Sunayen cututtukan gona yawanci sun samo asali ne daga kamannin abin da manomi ke gani. Burtuntuna ita ce baƙin garin da ke maye gurbin ƙwaya a zangarniya. Tsatsa an aro ta daga tsatsar ƙarfe saboda launinta. Kuturtar gero, ko kuturun hatsi, suna ne da aka kwatanta da cutar kuturta saboda yadda take nakasa zangarniya, kuma a Jamhuriyar Nijar sunan da ake yawan kiran ta da shi a Faransanci ma'anarsa ke nan. Domana kalma ce da ake amfani da ita ga ciwon da ke ɓata hatsi a gona. Darɓa kuwa danƙo ne da ƙananan ƙwari masu tsotsar ganyen dawa ke fitarwa, sai dai baƙar funfuna kan hau kansa ta rufe ganyen, shi ya sa ake yawan haɗa su. Likita kuma masanin tsirrai J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafinsa A Hausa Botanical Vocabulary na shekarar 1916, inda ya danganta kalmar gora da tsiron Oxytenanthera abyssinica.

Suna ɗaya na Hausa yakan rufe cututtuka da dama. Burtuntunar dawa kaɗai nau'i huɗu ce, kuma maganin da ke aiki a kan ɗaya ba lallai ya yi aiki a kan ɗayar ba.

Yadda fungas ke rayuwa

Fungas ba tsiro ba ne, ba kuma dabba ba ce. A shekarar 1969 masanin halittu Robert Whittaker ya ware shi a matsayin masarauta mai zaman kanta a tsarin rabe-raben halittu. Ba ya da koren sinadarin da tsirrai ke haɗa abinci da shi daga hasken rana, don haka yana tsotsar abincinsa ne daga matattun abubuwa ko daga jikin mai rai. Jikinsa siraran zaruruwa ne waɗanda ido ba ya gani sai sun taru da yawa. Yana yaɗuwa ta hanyar wasu ƙwayoyi masu kama da ƙura, wato ƙurar iri, waɗanda iska, feshin ruwan sama, ƙwari, ƙasa ko irin shuka ke ɗauka daga wuri zuwa wuri.

Masana sun bai wa nau'o'in fungas kusan 150,000 suna. Wani ƙiyasi da David Hawksworth da Robert Lücking suka wallafa a 2017 ya nuna cewa adadin da ke duniya yana tsakanin miliyan 2.2 da miliyan 3.8.

Kafin cuta ta kama gona sai abubuwa uku sun haɗu: halittar da ke kawo cutar, tsiron da jikinsa ke karɓar ta, da yanayin da ya dace. Yawancin fungas na ganye suna buƙatar ganyen ya daɗe a jiƙe na wasu sa'o'i, da ruwan sama ko raɓa, kafin ƙurar irinsu ta tsiro ta huda fatar ganye ko ta shiga ta ƙofofin numfashinsa. Idan aka karya ɗaya daga cikin ukun nan, cutar ba ta samun gindin zama, kuma a kan wannan ne aka gina dukkan hanyoyin rigakafi.

Yanayin arewacin Jigawa

Ƙasar Gumel tana kan iyakar Najeriya da Jihar Damagaram ta Nijar. Ƙasarta rairayi ce, irin wadda ake kira jigawa, mai saurin tsotse ruwa da ƙarancin taki. Damina gajera ce, daga watan Yuni zuwa Satumba, ruwa ya fi yawa a watan Agusta. Manoma kan haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wasu su ƙara gyaɗa, riɗi ko yakuwa.

Dogon rani da zafinsa suna kashe ƙurar iri mai rauni, don haka cututtukan da suka fi zama a irin wannan yanki su ne masu ƙwayoyi masu kaurin fata da ke iya kwanciya a ƙasa, a cikin kara ko a jikin iri har wata damina. Haka kuma lokacin da gero ke fitar da kai ya yi bununi yakan zo daidai da tsakiyar damina, lokacin da sama ke yini a lumshe, ganye kuma ya kwana da raɓa. Cinikin hatsi a kasuwanni irin ta Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis, yana kai iri daga wannan ƙasa zuwa waccan, kuma cutar da ke maƙale a jikin iri tana tafiya tare da shi.

Cututtukan gero

Kuturtar gero

Ita ce cutar gero mafi muhimmanci a Afirka ta Yamma da Indiya. Halittar da ke kawo ta, Sclerospora graminicola, tana kama da fungas a rayuwarta amma tana cikin wani rukuni daban da ake kira Oomycota, shi ya sa magungunan fungas da yawa ba sa yi mata komai. Ƙwayoyinta masu kaurin fata suna iya shekaru a cikin ƙasa. Idan aka yi shuka, sai su shiga jikin tsiron tun yana ƙarami su bi shi har tsakiyar inda yake tohowa.

Alamar farko ita ce ganye ya ɗashe daga gindinsa zuwa sama, rabi ɗorawa rabi kore. Da sassafe ana ganin wani farin gari kamar auduga a bayan ganyen. Wannan ita ce ƙurar irin da ta fito da dare, kuma iska da ruwa ke kai ta ga tsirran da ke kusa. Tsiron da ya kamu da wuri yakan tsumbure ko ya mutu. Wanda ya rayu yakan fitar da zangarniya wadda furanninta suka rikiɗe suka zama ƙananan ganyaye murɗaɗɗu, babu ƙwaya. A 1971 cutar ta yi mummunar ɓarna a Indiya a kan irin gero mai aure da ake kira HB 3, wanda aka shuka a fili mai faɗi. Wannan annoba ta nuna haɗarin dogaro da iri ɗaya tak mai jini ɗaya.

Burtuntunar gero

Fungas ɗin Moesziomyces penicillariae ne ke kawo ta. Yana shiga ta furen gero kafin bununi ya sauka a kansa. A madadin ƙwaya sai wata jaka ta fito wadda ta fi ƙwayar girma, da fari koriya shar, daga baya ta koma ruwan ƙasa ta fashe ta zubar da baƙin gari. Garin yana kwanciya a ƙasa, da damina ya tsiro ya ba da wata ƙurar da iska ke ɗagawa zuwa sabbin zangarnu. Da yake ta iska take kamawa, wanke iri da magani ba ya hana ta sosai.

Cutar danƙon zangarniya

Wannan cuta, wadda masana ke kira argot, Claviceps fusiformis ne ke kawo ta. Ita ma ta fure take shiga. Bayan kwanaki kaɗan sai wani ruwa mai danƙo da zaƙi, launin zuma, ya riƙa ɗiga daga zangarniya yana jawo ƙudaje, su kuma su kai cutar gaba. Daga baya wasu ƙwayoyi masu tauri da duhu suna maye gurbin hatsi. Waɗannan ƙwayoyi suna ɗauke da guba. Cin geron da suka yi yawa a cikinsa yana kawo tashin zuciya, amai da jiri, kamar yadda aka gani a wasu sassan Indiya. Ruwan sama mai yawa a lokacin bununi yana ƙara cutar, domin yana wanke bununin ya bar furen a buɗe.

Tsatsa da tabon ganye

Tsatsar gero, Puccinia substriata, tana fitowa ne a matsayin ƙananan ƙuraje ja-ja da ke barin gari a yatsa. Tana kammala wani ɓangare na rayuwarta a kan yalo da danginsa na jinsin Solanum. Idan ta zo a ƙarshen damina ba ta cika rage hatsi ba, amma tana busar da ganye ta rage ingancin karmami. Wani tabon kuma, na Pyricularia grisea, yana da siffar ido, tsakiyarsa toka-toka, gefensa ɗorawa. Ɗan uwa ne na kusa ga wanda ke ƙona shinkafa, da wanda ya ɓulla a kan alkama a Brazil a 1985, a Bangladesh a 2016, da Zambiya a 2018.

Cututtukan dawa

Jan tabon dawa

Colletotrichum sublineola ne ke kawo shi, kuma a ƙasar Togo aka fara bayar da rahotonsa a 1902. Tabon ƙanana ne masu zagaye, ja ko shunayya, da ɗigo-ɗigon baƙi a tsakiya. Idan suka haɗu sai ganyen ya bushe kafin ƙwaya ta cika. Cutar tana kuma shiga kara ta mayar da cikinsa ja, har ya karye. Jan launin daga dawar yake fitowa: sinadarai ne da take haɗawa don kare kanta, cikinsu har da apigeninidin. Wannan sinadari shi ne jan rinin da ake samu a karan dafi, nau'in dawar da majema da dukawan Kano da Sakkwato suka daɗe suna rina jar fata da shi.

Sauran tabon ganye

Cercospora sorghi yana yin tabo dogaye masu kusurwa waɗanda jijiyoyin ganye suka tokare. Ramulispora sorghi yana yin dogon tabo mai ɗorawar da'ira, samansa da baƙin gari mai kama da kunkunniya da ke gogewa a hannu. Exserohilum turcicum yana yin manyan tabo masu tsini a kai da gindi, kuma yana kama masara. Dukkansu suna kwana rani a busasshen ganye da karan da aka bari a gona.

Burtuntunar dawa

Nau'i huɗu ne. Rufaffiyar burtuntuna, Sporisorium sorghi, tana mayar da kowace ƙwaya jakar baƙin gari da ba ta fashewa sai wurin sussuka, inda garin ke manne wa lafiyayyen hatsi. Idan aka shuka shi, fungas ɗin ya tsiro tare da dawar, ya ɓuya a jikinta har ta fitar da kai. Sakakkiyar burtuntuna, Sporisorium cruentum, ita ma ta iri take bi, amma jakarta tana fashewa tun a gona. Ta kai, Sporisorium reilianum, daga ƙasa take kamawa, tana cinye zangarniya gaba ɗaya. Doguwar burtuntuna, Sporisorium ehrenbergii, tana fitar da dogayen jakunkuna masu lanƙwasa a 'yan wurare a zangarniya, ta iska take yaɗuwa, kuma an fi samun ta a yankuna masu ƙarancin ruwa. Biyun farko su ne wanke iri da magani ke kawarwa kusan gaba ɗaya.

Funfunar ƙwaya

Idan dawa ta nuna ana tsakiyar ruwa, fungas na jinsin Fusarium da Curvularia suna hawa ƙwayar su mayar da ita baƙa ko ruwan hoda, ta yi laushi, ta ƙi tsirowa. Irin dawar gargajiya kamar farafara da kaura suna bin tsawon yini wajen fitar da kai, don haka sukan nuna bayan ɗaukewar ruwa su tsira. Irin da ke nuna da wuri shi ya fi fuskantar wannan matsala idan aka shuka shi da ruwan farko.

Rake

Rake ya shigo cikin batun noman Gagarawa ne saboda shirin babbar gonar rake da masana'antar sukari na kamfanin Great Northern Agribusiness. Manyan cututtukan fungas na rake biyu ne. Burtuntunar rake, Sporisorium scitamineum, wadda aka fara gani a Natal ta Afirka ta Kudu a 1877, tana fitar da wani dogon baƙin abu kamar bulala daga kan raken. Jan ruɓa, Colletotrichum falcatum, wanda aka fara bayyanawa a tsibirin Java a 1893, yana mayar da cikin rake ja da fararen tabo a gicciye, da wari mai tsami. Da yake da gaɓa ake dasa rake, cututtukan biyu suna bin gaɓar zuwa sabuwar gona. Ana rage burtuntuna ta hanyar jiƙa gaɓoɓin a ruwan zafi mai awo 52 na ma'aunin Selshiyos na minti 30 kafin dashe.

Gora da fungas ɗinta

Gora tana da nau'o'i fiye da 1,600, mafi yawansu a Asiya da Kudancin Amurka. Wadda Hausawa suka sani tun da, Oxytenanthera abyssinica, 'yar asalin Afirka ce, tana fitowa daga Senegal har Habasha, tana jure fari fiye da yawancin danginta, tana kuma zubar da ganye da rani. A Najeriya an fi samun ta a bakin rafuka na tsakiyar ƙasar. A kudu kuwa Bambusa vulgaris, wadda asalinta daga Asiya ne, ita ta fi yawa. Ana yin sanda, tsani, rumfa da madogarar gini da ita.

Masanin Japan Iwao Hino na cikin waɗanda suka fara nazarin fungas ɗin gora a matsayin fanni na musamman, kuma ya wallafa littafin zane-zanensu a 1961. Wani bita da Kevin Hyde da abokan aikinsa suka yi a 2002 ya ƙirga nau'o'i fiye da 1,100 da aka samu a jikin gora a duniya. Yawancinsu masu cin matattun sanduna da ganye ne, wasu suna zaune cikin lafiyayyen tsiro ba tare da cutar da shi ba, wasu kuma su ne masu kawo cuta. C. Mohanan na Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Kerala a Indiya ya tattara cututtukan gorar Asiya a wani littafi mai hotuna a 1997.

A wurin renon dashe, Rhizoctonia solani yana saƙa zaruruwa kamar yanar gizo-gizo a kan ƙananan tsirrai ya ruɓar da su idan sun yi cunkoso kuma ruwa ya yi yawa. Tsatsar ganye ta Dasturella divina da ta jinsin Puccinia suna sa ganye ya bushe ya zube. Jinsin Phyllachora yana yin baƙaƙen tabo masu sheƙi kamar ɗigon kwalta. Jinsunan Bipolaris, Exserohilum, Curvularia da Colletotrichum, waɗanda aka sani a dawa da gero, suna yin tabon ganye a gora ma. A Japan da Sin, Aciculosporium take yana sa rassa su yi ta tohowa sirara a cunkushe kamar tsintsiya, kuma ɗan dangi ɗaya ne da mai kawo danƙon zangarniyar gero. Gora tana da burtuntunarta, Ustilago shiraiana. A Bangladesh wata cuta da aka danganta da Sarocladium oryzae, wanda ke ruɓar da kuben shinkafa, ta kashe sabbin sandunan gora a ƙauyuka da dama. A tsaunukan Afirka ta Gabas kuma Engleromyces goetzei yana yin babban ƙullutu a jikin gorar tsauni, ana amfani da shi a maganin gargajiya.

Ga mai sayen gora a arewacin Jigawa, abin da ya fi shafar sa shi ne fungas ɗin da ke cin sanda bayan an sare ta. Gora tana da sitaci da yawa a jikinta, wanda ke jawo funfuna da ƙwaro. Sandar da aka kafa a ƙasa ba tare da magani ba takan lalace cikin shekara ɗaya zuwa uku. Ana ƙara mata kwana ta hanyar saran wadda ta ƙosa, jiƙa ta a ruwa na wasu makonni don rage sitacin, busar da ita a inuwa, shafa mata sinadarin boron, da ɗora gindinta a kan dutse ko siminti.

Fungas masu amfani

Wasu fungas suna zaune a saiwar gero da dawa suna miƙa zaruruwansu cikin ƙasa, suna jawo wa tsiron sinadarin fosfaras da ruwa, shi kuma yana ba su sukari. Wannan haɗin yana da muhimmanci a ƙasar rairayi mai ƙarancin fosfaras. Wasu suna ruɓar da kara da kashin dabbobi su zama taki. Gara ma tana renon fungas na jinsin Termitomyces a cikin suri, shi ne naman kazan da ke fitowa a kansa da damina.

An kuma yi amfani da fungas wajen yaƙar abokan gabar manomi. An gwada wani nau'i na Fusarium oxysporum a Najeriya da Kenya domin kashe wuta-wuta, ciyawar da ke tsotsar saiwar dawa, gero da masara. Aflasafe, wanda Cibiyar Binciken Noma ta Ƙasashe Masu Zafi, IITA, da ke Ibadan ta samar tare da abokan hulɗarta, aka kuma yi masa rajista a Najeriya a 2014, ƙwayar dawa ce da aka gasa aka lulluɓe da nau'o'in Aspergillus flavus marasa guba. Ana watsa kilo 10 a kadada ɗaya ta masara ko gyaɗa makonni biyu zuwa uku kafin fure, domin marasa gubar su riga masu gubar aflatoksin kama wuri. An gano wannan guba ne bayan mutuwar talo-talo kusan 100,000 a Ingila a 1960, kuma tana da alaƙa da ciwon dajin hanta.

Rigakafi

Fesa maganin fungas a gonar gero ko dawa ba kasafai yake biyan kuɗinsa ba ga ƙaramin manomi, don haka hanyoyin da malaman gona suka fi ba da shawara a kai na kafin shuka ne da na kulawa da gona.

Zaɓen iri: a ware zangarnu masu lafiya tun a gona, a ajiye su daban, kada a sussuke su tare da masu burtuntuna.

Wanke iri: garin magani irin su Apron Star yana ɗauke da metalaksil da ke kare ƙaramin gero daga kuturta, da wani sinadarin da ke kashe fungas na jikin iri, da na ƙwari. Ana bin umarnin da ke jikin leda, ana rufe hannu da hanci, kuma irin da aka wanke ba a ci, ba a ba dabba.

Ruwan gishiri: idan aka zuba geron shuka a ruwan da gishirinsa ya kai kashi 10 cikin 100, ƙwayoyin argot suna tasowa sama a kwashe, sannan a ɗauraye irin a shanya.

Tuge masu cuta: geron da ya nuna alamar kuturta a cikin wata na farko ana tuge shi a binne ko a ƙona a wajen gona. Haka ake yi wa zangarniya mai burtuntuna kafin jakarta ta fashe.

Juya shuka: sanya wake, gyaɗa ko riɗi a gurbin hatsi yana rage cututtukan da ke kwana a kara da ganye. Tasirinsa kan kuturta bai kai haka ba, saboda daɗewar ƙwayoyinta a ƙasa.

Lokaci da tazara: shuka da wuri kuma a lokaci ɗaya da maƙwabta tana hana cuta tasowa daga tsohuwar gona ta faɗa wa ƙaramar shuka. Cire yawan tsiro a rami yana barin iska ta busar da ganye.

Ajiya: dami ya bushe sarai kafin a sa shi a rumbu, rumbun kuma ya kasance a ɗage daga ƙasa, jinkarsa ba ta yoyo.

Cibiyoyin bincike

Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, ita ke da alhakin inganta gero da alkama a Najeriya. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, IAR, wadda ta faro a 1922 ta kuma koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ita ke kula da dawa, masara, wake, gyaɗa da auduga. Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi a Jihar Neja tana aiki kan shinkafa, rake da riɗi. ICRISAT, wadda aka kafa a Indiya a 1972, tana da cibiya a Sadore kusa da Yamai da ofishi a Kano. Irin gero na SOSAT-C88, wanda aka samar a Mali tare da haɗin gwiwar ICRISAT, an sake shi ga manoman Najeriya a shekarar 2000, kuma juriyarsa ga kuturta na cikin dalilan karɓuwarsa. Daga baya aka fitar da Super SOSAT. A Jigawa, hukumar JARDA ce ke kai irin waɗannan sakamako ga manoma ta hannun malaman gona.

A ɓangaren gora, Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Najeriya da ke Ibadan ita ce mai kula da fannin, kuma Najeriya mamba ce a ƙungiyar INBAR ta ƙasashe masu gora, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Beijin. Halittun da ke kawo kuturtar gero da jan tabon dawa suna da launuka daban-daban daga yanki zuwa yanki, kuma suna sauyawa da lokaci, shi ya sa masu kiwon iri ke gwada kowane sabon iri a wurare da dama kafin a sake shi, suna kuma ci gaba da neman juriya a cikin irin gargajiya da manoma suka adana.